Allon Zamiya Guda Ya Tafi Argungu

Gesse, Birnin Kebbi,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Laure, furen badon Matan Fada, sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara, koren fadamar Zauro sa'ad da shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Ke da in kinka yi dariya a kasuwa, mai awo kan manta mudu nawa ya zuba. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda, da fatan kina lafiya, ke da Goggo Tamba da yayanki Sirajo.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ki ɗaga wayata ba. Dubi abin da kinka jawo. Ni Hodi, da ke rubuta wa mutanen wata nahiya manhajar kwamfuta ina zaune a Gesse, ni da yatsuna sunka saba gudu a kan maɓallai, yau ni ne na shiga shago ina tambayar biro da takarda. Haruffan sun karkace kamar gero bayan iska, ki karanta da haƙuri. Direban da zai miƙa maki wasiƙar zai sauke wani dogon abu naɗe cikin buhu. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe. Na san halinki, kin riga kin kwance.

Kin tuna ranar da na fara ganin ki? Ni kam da za a cire wagga rana daga rayuwata, saura ba zai yi ko auki ba. Ƙarshen damina ne, gulbin Matan Fada ya cika yana taƙama. Watana biyu da dawowa daga Ostiriya, inda na yi shekara uku ina aiki, kaina cike da iska. Na ɗauko allunan nan biyu dogaye sirara da nake zamiya da su a kan dusar ƙanƙara, na zo har Argungu, na lallashi Sirajo ya ja ni da jirginsa mai inji. Na yi masa lissafi da bakin da na gada a layin 'yan albasa, na ce ƙanƙara ai ruwa ce da ta daskare, wanda ya iya hawan ta ba zai kasa hawan uwarta ba. Na ɗaure allunan a ƙafa da robar taya, na riƙe igiya, na ɗaga wa masunta hannu kamar ɗan takara. Sirajo ya tayar da inji. Laure, ban yi ko taku ɗaya a kan ruwan nan ba. Na sha Matan Fada har na san ɗanɗanon ƙasanta, sai da mutum biyu sunka bi ni da gora sunka jawo ni kamar giwan ruwa.

Da na fito ina tari, allo guda ya ɓace. Sai ga ki tsaye a bakin gaɓa, kwanon abincin yayanki a hannun hagu, allona a hannun dama, kin tsamo shi daga cikin ciyawa. Mayafinki ruwan ganye ne. Kowa na dariya da baki, ke kina yi da ido. Kinka ce ba za ki ba ni ba sai na faɗa maki wane irin mutum ne ke ɗauko takalmin wata ƙasa ya zo taka ruwan Argungu. Na saba da ciniki tun ina goye, na sayar wa mai gonar albasa albasa, amma ranar sai da na yi ta roƙo kafin kinka miƙo mani shi. Wace irin mace ce wagga, da ke karɓe wa mutum kayansa, ya koma gida yana jin shi anka yi wa kyauta?

Tun daga ranar, duk abin da na ƙera a gidan nan da ke a raina na ƙera shi. Ba yabon kai ba ne, ko kuma yabon kai ne, ai na cancanta. Ki tambayi duk Gesse gidan wa fanka ba ta tsayawa in an ɗauke wuta. Sola na kan rufi, batura na cikin ɗakinsu. Tankin ruwa da kansa yake gaya wa wayata ya cika, famfo ya kashe kansa, ba ɗigo ɗaya da ke zuba a banza. A madafa na sa wata 'yar na'ura da za ta yi ƙara in gas ya fara yoyo, don na lura in hira ta yi daɗi kina mantawa da tukunya. Fankar ɗakinki tana jin zafi ya ƙaru za ta ƙara gudu ba tare da kin tashi ba. Ba wanda na ɗauko daga Legas ko Abuja. Ɗan mai albasa ne, mai difloma guda, wanda ya fara da gyaran waya a ƙarƙashin laima, ya haɗa su waya bayan waya, ya rubuta masu abin da za su yi.

To, da wanga hannu mai gwaninta na ƙera abin da ya kunyata ni. Ƙofar gidan tana gane fuska. Na koya mata tawa, da ta Inna, da taki daga hoton da kinka turo mani da Sallah. Wanda ba ta sani ba kuwa, saboda abokai masu zuwa zaman banza a lokacin aiki, na ɗauki muryata na sa tana ce masa mai gida yana aiki, ba ya ganin baƙi, a dawo wani lokaci. Wasa na ɗauke shi. Sai Goggo ta taso tun daga Argungu da igiyar awonta, don ta auna ɗakin amarya ta san girman gado da tsawon labule. Matar da ta goye ki bayan rasuwar mahaifiyarki, wadda ba a sa maki rana sai ta ɗaga kai. Ta yi sallama, muryata ta kore ta. Ta sake, muryata ta sake. Ta yi ta uku, muryar surukin da ke neman 'yarta ta ce ta dawo wani lokaci. Ni ina ciki, kunnuwa toshe, waya a kife, ina taro da Turawa a kan wani kuskure da ke hana manhaja buɗewa. Kyamarar ƙofa ba ta rufa mani asiri ba. Minti arba'in da bakwai Goggo ta yi a rana kafin taro ya ƙare in buɗe mata. Na kalli hoton sau ɗaya, ban iya sakewa ba.

Na karanta saƙonki na ƙarshe har na haddace. Kin ce ƙofa ba ita ce damuwarki ba, ƙarfe ne, ba ta da hankali. Kin ce damuwarki alluna ne. Gaskiyarki. Da Goggo ta shiga ɗakin ta gan su rataye a bangon da gadonki zai jingina, ta tambayi ko mene ne. Maimakon in ci gaba da ba da haƙuri, sai bakin kasuwa ya motsa. Na yi rabin awa ina ba ta labarin duwatsu da sanyi da yadda nake saukowa kamar shaho, idona na ƙyalli, ruwan da na kawo mata yana hucewa a hannunta. Ta naɗe igiyarta ba ta auna komai ba. Ta koma ta ce maki mutumin da ya rataye takalman tafiyarsa a ɗakin amarya bai gama dawowa gida ba.

Laure, hasken idona, zan faɗa maki abin da ban faɗa ba. Idon Goggo ya fi kyamarata gani. Mako uku kafin zuwanta, kamfanin da nake wa aiki ya rubuto yana so in koma Ostiriya da zama, da gida a gindin dutse. Ban amsa ba, ban ƙi ba, ban gaya maki ba. Kullum in na idar da sallar asuba sai in buɗe saƙon in dube shi in rufe, kamar mai zagaya rumfa yana taya kayan da ya san ba na gidansa ba ne.

Kuma ba zan ce maki ba na son zamiya ba, don ƙaryar da za ta sayo mani ke yau ita za ta sayar da ni gobe. Ina son ta. Da ma kin ga wurin! Kujera ce rataye a igiyar ƙarfe take ɗaga ki sama, itatuwa na komawa ƙanana a ƙarƙashinki, duniya duka fara fat kamar shinkafar da ta fito daga inji. Shiru ne da ban taɓa jin irinsa ba, ni da na girma inda mutum goma ke kiran farashi lokaci guda. Shekarar farko faɗuwa kawai na yi, yara ƙanana na wuce ni suna waige. Wata tsohuwa mai koyarwa ta gaji da ɗaga ni, ta ce matsalata guda ce: in na ga gangare ina jan jiki baya don tsoro, allunan kuwa sai su gudu su bar ni. Ta ce in ɗora nauyina gaba, wajen abin da nake tsoro. A shekara ta uku na sauko gangaren da sunka ware wa gwanaye, tun daga ƙoli har ƙasa, ban taɓa ƙasa da hannu ba. Na tsaya a gindin dutsen ina haki, na kira sunan babana da ƙarfi, ba wanda ya san me nake cewa. Ina alfahari da wagga rana, kuma zan ba jikokinmu labarinta har su gaji.

Amma da na zauna cikin shirunki na kwana goma sha ɗaya, sai na gane abin da nake yi. Na ga aure a gabana, gangaren da ya fi duk wanda na taɓa hawa, na ja jiki baya. Me ƙanƙara za ta ba ni da ya kai sanyin muryarki in kinka kira sunana kina shirin yi mani tsiya? Wane dutse ne zai tsamo mani abin da na yar, ya riƙe, ya ce sai na yi bayani? Ranar Litinin na ba su amsa. Na ce in suna son aikina, yana nan a Gesse inda yake, in ba su so, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Har yanzu ba su ce komai ba. Na buga amsar a takarda, tana cikin ambulan, ki karanta da idonki.

A cikin ambulan ɗin akwai mabuɗin ƙarfe mai jan zare. Na Goggo ne. Na sa an dasa kuba irin ta kowa a ƙofar, na goge muryar nan ƙaf. Yanzu duk wanda ya tsaya a bakin gidana, ƙararrawa ce za ta katse mani taro ko da wa nake yi, in taso da ƙafata, don sallama ba na'ura ke amsa ta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, zan zo Argungu cikin shaddata mafi kyau, in cire takalmi a ƙofar Goggo, in zauna a rana minti arba'in da bakwai kafin in yi sallama. Kada ki aiko mani da tabarma ko ruwa. In makwabta sun taru kallo, su taru, ai Argungu ta taɓa ganina a halin da ya fi wanga muni.

Abin da ke cikin buhu kuwa kin gane shi. Na hagu ne, mai karce a baki, wanda kinka tsamo daga ciyawa. Kuskurena ne da na karɓe shi ranar. Na dama yana nan, na sauke shi daga bangonki na kai ɗakin aikina. Ki tambayi duk wanda ya san wasan, mai allo guda ba inda za shi. Ranar Asabar danginki za su zauna a kan maganarmu. In Goggo ta ɗaga kai, ki sa shi cikin kayan jere ya dawo tare da ke, ita za ta zaɓi bangon da za a rataye su. Wata shekara, in kina so, mu je mu yi mako guda in ga yadda 'yar Argungu ke faɗuwa, in rama dariyata, mu dawo gida. In kuwa ta girgiza kai, ki riƙe shi duk da haka. Ba ni da wata tafiya da zan yi da shi.

Naki tun daga bakin gulbi har ranar da za a auna mani ɗakina na ƙarshe, mai ƙafa guda a ɗaure a hannunki,

Hodi.