Fuskar Badaru a Wayoyin Mutane

Gaya, Jihar Kano
Ranar Laraba, cikin kaka

Zuwa ga Yayana Muhammad Bashir, a Sabo ta Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ummukulthum da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku da tsarewarsa a ƙasar da kuke baƙunci. Mu nan Gaya jiki lafiya, alhamdu lillahi. Maigidana yana nan yana fama da gona da makaranta. Can gida Gafasa ma Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan da ba ta barinta ta yi sallah a tsaye. Ƙanwarmu Halima Sadiya ta sauka lafiya, an samu mace, kuma hancin nan namu na gado bai tsallake jaririyar ba. Damina ta yi kyau, gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta nuna tana jiran cira.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu, ni da ba na barin kunnenka ya huta da saƙon murya. Yaya, tsoron waya nake ji yanzu. Kwana goma sha biyu ke nan in na ji ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Maganar ƙanenmu Badaru ce, kuma ina so ka ji ta daga farko, daga bakin wadda ba za ta ƙara mata gishiri ba.

Ka san ni da son kallo tun muna yara, kai ma ka sha korata daga gidan maƙwabta. To ni ɗin nan na fara gajiya da finafinan da ake yi yanzu tun kafin wannan abu ya faru. Da can in an sa kaset, sai an fara nuna sunaye, a yi kiɗa, ka san wane ne ya fito a matsayin wane. Mugu ma yana da shigarsa da dariyarsa, ko yaro ya san wasa ake yi. Yanzu kuwa ka je shagon masu tura fim a waya nan bakin tasha, a cika maka da guda ashirin, ba za ka tsinci biyu na kirki ba. Na barkwanci ba komai a ciki sai a zagi tsoho, a tura wani cikin kwata, a ce maka ka yi dariya. Na faɗa kuwa bindigar katako da jinin zoɓo, mutum ɗaya ya mutu sau uku a fim ɗaya saboda ba su da mutane. Waɗannan duk da sauƙi, haushi kawai suke ba ni. Wanda ya fi muni shi ne sabon yayin da suka ɗauko a finafinan masu garkuwa da mutane. Sai su riƙa girgiza kyamara da gangan, ba kiɗa, ba haske mai kyau, wai don ya yi kama da abin da aka ɗauka da waya a ɓoye. Na taɓa ce wa maigidana wata rana sai wannan shirmen ya ja wa wani bala'i. Ban san a gidanmu zai sauka ba.

Cikin damina wasu 'yan fim suka zo daga birni da mota guda, suna neman daji mai duhuwa da shanu. Aka nuna musu kwarin da Badaru ke kiwo. Ka san Badaru, mutumin da bai iya ce wa baƙo a'a ba. Suka ce su ari shanunsa na yini ɗaya, ya yarda. Da daraktan ya ƙare masa kallo, ya ga tsawonsa da gemunsa da sandarsa a kafaɗa, sai ya ce ai shi ma ya dace da fim, ya zo ya fito a cikin 'yan daji. Suka haɗa shi da wasu mutum biyu na ƙauyen gaba, aka naɗa musu rawani har ido, aka ba kowa bindigar katako da aka shafe da baƙin mai. Aikinsa kawai ya tsaya a kan wani da aka ɗaure a gindin kalgo, ya daka masa tsawa. Sauran biyun suka bar fuskokinsu a rufe kamar yadda aka ce. Shi kuwa ɗan'uwanka, da aka zo ɗauka, sai ya ja rawanin ƙasa. Daga baya ya gaya mini wai ina amfanin mutum ya fito a fim in mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba, kuma yana so kai ma ka gan shi daga Ibadan. Daraktan bai hana shi ba, cewa ma ya yi hakan ya fi kyau. Suka ba shi ɗan abin goro, suka tafi. Sati guda ana tsokanarsa a gida, matarsa Zulfa tana kiransa jarumi, ni ma na yi nawa.

Bayan wata biyu suka saki ɗan guntun wurin nan a matsayin talla, bai kai minti ɗaya ba, da sunan fim ɗin a ƙasa. Wani wanda Allah kaɗai ya san shi ya yanke sunan, ya rubuta a kai cewa wannan a dajin Ajingi aka ɗauka, jama'a a yi hattara. Shi ke nan ya shiga wayoyi. Ni kaina a wayar maƙwabciyata na fara ganinsa, ta miƙo mini tana salati, ba ta san ƙanena ne ba. Yaya, wallahi da ban san labarin ba, da ni ma na yarda. Ga fuskarsa tar, ga muryarsa, ga bijiminsa mai karyayyen ƙaho a bayansa yana kiwo, bijimin da duk mai zuwa kasuwar shanu ya sani. Bindigar katakon nan a cikin waya ba ka bambanta ta da ta gaske. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a 'yan kwanakin an ɗauke wani mai sayen hatsi a wani gari can gabas da mu, har yanzu ba a san inda yake ba, danginsa suna ta cigiya. Kuma ka san irin kallon da ake yi wa mai sanda da shanu a wannan zamani, ko da kakansa a garin aka binne shi.

Ranar kasuwar Ajingi da ta wuce waccan, Badaru ya kai tunkiya zai sayar. Shi bai ma san me ake ciki ba, wayarsa ƙarama ce, ba ta nuna hoto. Ya ce ya ga dai mutane suna duban waya suna dubansa, har ya fara jin daɗi, ya ɗauka fim ɗin ne ya fito. Sai wani ya riƙe masa riga ta baya. Kafin ya juya an kewaye shi, wani ya ce shi ne, wani ya ce a kawo taya. Allah ya sa Kawu yana rumfar masu gyaɗa, ya ji hayaniya ya taso. Tsohon nan ya ratsa mutane ya rungume Badaru, ya ce duk mai son taɓa shi sai ya fara da shi, ya yi ta kiran sunan Baba da na Kaka har wasu dattawa suka gane gidan. Da haka aka samu aka tura shi cikin wani shago aka rufe, har 'yan sanda suka zo. An fasa masa leɓe, tunkiyar kuwa ba a sake ganinta ba.

'Yan sanda sun rubuta bayaninsa, sun sake shi a hannun Kawu da dagaci. Dagaci ya ce abin mai sauƙi ne, gani ya kori ji. A nemo cikakken fim ɗin, a tara mutane har da na garuruwan kusa, a nuna musu, kowa ya ga wasa ne. Ni na ɗauki wannan aiki. Na yi ta sintiri shagon masu turi har ranar da fim ɗin ya fito, aka sa mini shi, ko tsayawa dubawa ban yi ba don sauri, na hau mota sai Gafasa. Bayan la'asar aka tayar da janareta a ƙofar gidan dagaci, aka fito da talabijin. Mutane sun fi ɗari, har da ƙannen mutumin da aka ɗauke su biyu, suna tsaye a baya. Badaru yana zaune a gaba kusa da Kawu. Muka yi kusan awa biyu muna kallon shirme, mota tana bin mota, wata tana kuka ba hawaye, ana ta harbe-harben da ba a san dalilinsu ba. Ina ta cewa a raina yanzu za a zo wurin. Har fim ya ƙare, Yaya, babu Badaru, babu kalgo, babu shanu. Sun cire wurin gaba ɗaya.

Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe riguna. Ƙannen mutumin nan suka daɗe suna kallon Badaru kafin su hau babur. Mutum biyun da suka fito tare da shi, da aka aika a kira su shaida, kowa ya rantse bai san zancen ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, su ma suna da 'ya'ya. Daraktan sai a kwana na uku ya ɗauki waya. Ya ce wai fim ɗin ya yi tsawo ne suka rage, wurin dama don talla aka yi shi, kuma zai yi bayani a bidiyo ya turo in ya samu sarari. Har yau muna jira, yanzu ma wayar a kashe take. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ni ina tsoron kafin furen nan ya kaɗe a rasa rai. Shekaranjiya Zulfa ta ga baƙin mutane a kan babur sun tsaya a bakin gonarsu suna nuna gidan. Yaran sun daina zuwa makaranta. Badaru ba ya cin abinci, ya zauna a ɗaki kamar mai takaba.

Jiya Kawu da dagaci da maigidana suka zauna, da sanin 'yan sanda, suka yanke cewa Badaru ya bar ƙasar nan har ƙura ta lafa. Na san wasu za su ce gudu ya tabbatar da laifi, na kwana ina juya wannan a raina. Amma gara a zage shi yana raye. An kora shanun wurin surukansa, gyaɗarsa kuwa 'yan'uwa za su yi gayya su cire. Inna mun ce mata kai ne ka kira shi ya taya ka aiki, don haka in kun yi waya kada ka saɓa.

Ka gaishe mini da Anti Ummukulthum, ka ce ta yi haƙuri da baƙon da ba a sanar da ita ba. Ina gaida Hafizu da Abdulsalam da 'yar auta Amarya. Kawu yana gaishe ka, Zulfa ma ta ce a gaishe ka, kuka bai bar ta ta ƙara komai ba. Inna ta sa maka albarka.

Wanda ya miƙo maka takardar nan, mai ƙaramar riga da wando, ba gemu, ba sanda, wataƙila ka yi masa kallon baƙo kafin ka buɗe ta. Badaru ne, ni na sa aka yi masa aski da safen nan. Kada ka tambaye shi labarin, ka riga ka ji. Ka ba shi ruwa, ka shigar da shi cikin gida, kuma ko a Sabo in ka ga wani ya dubi waya ya dube shi, kada ka jira ya duba na biyu. Na ba ka amanar ƙanenmu, Allah ya tsare mana shi a hannunka.

Wassalam. Ƙanwarka,
Hindatu