Bakina a Gaban Mijin Asiya

Gidan Tsamiya, ta Bagwai
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Fadima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Sabo da yara. Yaya hada-hadar Dawanau? Mu nan damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, sai dai ni yayarki ban san daɗinta ba.

Haƙorin nan na can ƙurya ne ya tayar mini. Kwana goma sha ɗaya rabona da tuwo, kumatuna kamar na ɓoye goriba. Na sa kanumfari, na kuskure baki da ruwan gishiri, Inno maƙwabciyata har ruwan batir ta kawo mini, Allah ya sa na ji tsoro. Mati wanzami ya ce in zo ya fizge shi da awartaki, amma tun da ya cire wa mai unguwa lafiyayyen ya bar mai ciwon, ba mai kai masa baki. Birni kuwa, a wannan tsadar, kafin ki biya mota ki ga likita akuyarki ta tafi.

Sai ga shela jiya, wai wata ƙungiya ta kawo ma'aikatan haƙori firamarenmu, kyauta, kwana biyu tak. Yau tun hantsi ina layi. Ashe rabin garin nan da ciwon suke yawo, kowa ya yi gum! Har liman na hango riƙe da haɓa.

Da la'asar aka kira ni. Na shiga aji, na hau kujerar, mai aikin ya juyo ya sauke ƙyallen da ya rufe hancinsa. Innalillahi! Fadima, mijin 'yata Asiya ne. Surukina! Na san yana aikin asibiti a Bici, amma wa ya gaya mini bakin mutane yake leƙawa? Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ko sunansa ba na faɗa, shi zan wangale wa baki har ya ga maƙogwarona? Shi ma ya durƙusa da safar roba a hannu yana gaishe ni. Ban san lokacin da na kai ƙofa ba. Takalmina ɗaya yana can.

Gobe ce ranar ƙarshe, kuma shi kaɗai ke cirewa, sauran nasu dubawa ne da rubutu. In suka tafi sai baɗi, in ma sun dawo. Wallahi da hawaye nake rubutun nan, ciwo na ci na, kunya na ci na. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Sakinatu

Gidan Tsamiya
Ranar Alhamis

Zuwa ga Fadima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan kun wayi gari lafiya. Ki yi hamdala, jiya na ci tuwo har da ƙari, da ɓari ɗaya.

Inno ce ta kawo dabara. Ta ara mini zanenta da mayafinta, ta ɗaure mini fuska da ɗankwali tun daga goshi har ƙarƙashin hanci, baki kaɗai a waje. Ta ja ni da sanda, ta sa aka rubuta ni da sunan Tani, wai baƙuwa ce mai ciwon ido, ba ta son haske. Yara suna ta bin mu a baya. Ni kuwa har nishina na sauya, na mai da shi siriri.

Bai tambayi komai ba. Iya Tani kawai yake cewa, a hankali, yana ba ni haƙuri. Ya yi allura, wurin ya mutu, kafin in gama salati haƙorin yana cikin faranti. Daɗi ya kwashe ni na fara sa albarka, saura kaɗan in ce Allah ya raya mana jikokin. Audugar da ya cusa mini ce ta cece ni. Muka fito Inno tana ta cika baki, wai ko aljani ba zai gane ni ba.

Washegari sai ga Asiya tun daga Bici, da kunu da ƙullin magani. Ta ce maigidanta ya aiko a ba wata tsohuwa Tani, ya ji an ce a wajen gidanmu ta sauka. Wai a gaya mata ya ga wasu haƙoran biyu sun fara kogo, ta zo Bici ranar Asabar ya cike mata kafin su lalace, ba sai ta zo da komai ba sai ɗankwalinta. 'Yar nema ta faɗa fuska a ɗaure, sai da ta kai zaure na jiyo ta tana ƙyaƙyatawa. Na ce mata zan isar da saƙo.

Fadima, da ta tafi na zauna na yi kuka, ba na ciwo ba. Shekara tara ina ɓuya wa yaron nan, ashe ɗa Allah ya ba ni. Ya cire mini ciwo, ya bar mini mutuncina.

Asabar Tani za ta Bici. Don Allah ki aiko mini da ɗankwali mai kauri ta hannun direban Bagwai. Na Inno shara-shara ne, duk abin nan ina kallonsa. In ba haƙorin yake dubawa ba, idonsa a ƙasa yake.

Ki gaida Malam. Allah ya bar zumunci.

Yayarki,
Sakinatu