Inna, Na Samo Yaron

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rakiya, autarki, daga unguwar Utaibiyya a nan Makka. Gidanmu na unguwar Nakkasa an rushe shi tuni, amma ba wannan ya sa nake rubuto miki ba. Labarin Yaron na kawo.

Haka kike ce masa, Yaron. Ɗan farinki da kika kai yaye wurin kakarsa a ƙasar Katsina, kuka taho Hajji ke da Baba da niyyar komawa. Guzuri ya ƙare, takardu babu, Baba ya rasu ina goye, komawa ta gagara. Ranar da na tambaye ki sunansa, harara kika watsa mini, kika ce, "Ke kam Makka ta cinye miki kunya. Uwa tana kiran sunan ɗan fari?"

Ina tuna ki a Muzdalifa kina sayar da shayi. Duk alhajin da kika ji harshensa na Katsina ne sai kin tare shi da tambayar yaron gidan Malam Audu, inda kika baro shi. Su Audu kuwa a Katsina sun fi tsakuwar jifa yawa. Alhazan su ce ba su sani ba, ke kuma ki ƙi karɓar kuɗin shayin.

To, yanzu akwai wani shafi a intanet inda mutane ke jera danginsu reshe-reshe kamar bishiya, kowa na iya duba na wani. Na buɗe shi a waya, na ɗora tabarau. Abin farko da ya buƙata shi ne sunan wanda nake nema. Wallahi na ji haushinki, Inna. Na ce kunyarki ta biyo ni har cikin waya. Na shiga rumbunsu na tsoffin takardun haihuwa da na fasinjojin jirgi, na ga kowa yana ciki ban da irinmu da aka haifa a ɗaka. Na rufe shi, ban koma ba har azumi ya wuce.

Sai na sake dabara. Na daina nemansa, na neme ki. Na rubuta sunanki da na ƙauyenku, sai ga wata bishiya da wata malamar makaranta a Funtuwa ta jera. Ga sunanki a sama, gurbin ranar rasuwa babu komai, a ƙasa an rubuta: ta tafi Makka, ba a sake jin labarinta ba. Reshe ɗaya ne ya sauko daga gare ki, amma ya yi rassan da fuskar wayata ba ta ɗauke su ba.

Yana raye, Inna. Malamar 'yarsa ce, sunanki aka sa mata, Ummi suke ce mata. Na aika mata saƙo, ta haɗa ni da shi ta bidiyo a waya, na ga dattijo mai furfura da irin wushiryarki. Hausata ta sha Larabci, ina ta "ya'ani, ya'ani" yana haƙuri da ni. Can ya tambayi abin da nake tsoro, wai ko kin taɓa ambatonsa.

Na so in yi masa ƙarya mai daɗi, na kasa. Na ce duk Hajji kina cigiyarsa, amma ko sau ɗaya ban ji sunansa a bakinki ba. Sai ya share ido da hannun riga, ya ce, "Ashe har ta rasu tana jin kunyata. Ashe ba ta sauke ni daga ɗan fari ba."

Shi da kika bari yana tatata ya fi ni gane ki, ni da na kwana ɗaki ɗaya da ke har kika tsufa. Na yi kuka, kuma na ɗan ji kishi.

Ummi ta roƙe ni in cike gurbin ranar rasuwarki, na cike. Ranar Juma'a zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa ya karɓi gaisuwar uwarsa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haɗa ku inda babu rabuwa.

'Yarki,
Rakiya