Hannu a Kan Bonet

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya duwatsunku? Na daina kiran wayarka, don ko ka ɗauka ihu kawai muke yi wa juna, kai kana "Me?" ni ina maimaitawa har maƙwabta su ji sirrinmu. Allah ya isa tsakaninmu da injinan fasa dutsen nan da suka cinye maka kunne. Zan riƙa ba direban tifar kamfaninku takarda yana miƙa maka.

Jikin Baba sai addu'a. Wankin ƙodar ma bai kayar da shi kamar yadda hanya ke kayar da shi ba. Sai in tsaya da shi a bakin titi, na riƙe shi da hannu ɗaya, ina ɗaga wa tasi ɗayan, su kuwa da sun hango tsoho da sanda sai su ƙara wuta. A dawowa ya yi amai, direba ya yi ta tsaki. Jiya babbar nas ta ja ni gefe ta ce in muka sake makara za su ba wani lokacinsa na hawa injin wankin, don masu jira sun fi injinan yawa. Yaya, na tsorata.

To ga magana. Yaya Babba, wan maigidana, zai sayar da ƙaramar motarsa, shuɗiyar nan da ya sha kai mana Baba asibiti a cikinta. Ya ce abin da ka aiko da abin da na tara ya ishe shi, tunda gida ne. Kai ka koya min tuƙi, amma ba ka koya min saye ba. Me zan duba?

Baba na gaishe ka. Ya ce in tambaye ka, wai Baƙin Mai, ko har yanzu da ƙazamin farce kake cin abinci.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Wa alaikumus salam Auta,

Ina gaishe ki da yara. Ki ce wa Baba farcen nan shi ya gada min, ba wanki ke fitar da shi ba.

Ki karanta wannan a nitse, ba irin karatunki na tsallake layi ba.

Kada ki faɗa wa kowa ranar da za ki. Ki je da sassafe, kafin a tayar da motar. Kafin ki gaisa da kowa ma, ki ɗora tafin hannunki a kan bonet, murfin injin. In da sanyi, madalla. In da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ki zo, ki koma gida ki sake rana. Mota tana sanyi take nuna ciwonta, in ta ɗau zafi sai ta ɓoye.

In an tayar a gabanki, ki koma baya ki kalli salansa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ki gudu. Ki buɗe murfin baƙin mai ki juya shi. In kika ga wani abu fari-fari ya manne kamar madara ta lalace, ruwa na shiga injin, ki gudu. Ki leƙa lagireto ki ga ko ruwan ya cika. Ki durƙusa ki duba ƙasan inda take kwana, ko akwai ɗigo. Sannan ki tuƙa ta da kanki, ba zagaye gida ba, ki shiga cunkoso ki tsaya, idonki a kan allurar zafi. Birki, taya, fitila, duk ana gyarawa da sauƙi. Injin da ke shan ruwa shi ne ba na so.

Kuma ki tafi da bakanike, wanda ba na mai motar ba.

Na san Yaya Babba mutumin kirki ne, ban ce zai cuce ki ba. Amma ba kirkinsa za ki ɗora Baba a kai ba, motarsa ce. Da ina kusa da ni zan shiga ƙarƙashinta, ko da kunnen ya tafi ai ido da hannu suna nan. Na nemi hutu, an ce sai kwangila ta ƙare.

Ki gaishe da maigidanki.

Yayanki

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Kafin ka fara huci, ka karanta har ƙarshe.

Na saya.

Na yi niyyar zuwa ba sanarwa kamar yadda ka ce, sai maigidana ya ce wane irin abu ne wannan, mu faɗo wa yayansa gida kamar masu kame? Shi ya kira shi ya ce muna tafe. Zancen bakanike kuwa da na ɗauko, cewa ya yi, "Bakanike? A gidan wanda ya riƙe ni tun mutuwar mahaifinmu? Ki ce masa ɓarawo kawai ki huta." Na bar zancen.

Mun tarar an wanke ta tas, tana ƙyalli a tsakar gida. Na yi kamar zan gyara takalmi, na dafa bonet. Da ɗumi, Yaya. Ina ɗagowa sai ga Yaya Babba da fara'arsa, ya ce, "Ƙanwata, na ɗan ɗumama miki ita, kin san tsohuwa sai da lallashi." Matarsa ta kawo shayi, ana ta tambayar jikin Baba, har da ƙwalla a idonta. To kai ka faɗa min, a wannan zaman ne zan miƙe in ce a buɗe min murfin baƙin mai? Mutumin da ya sha barin aikinsa ya ɗauki ubanmu ya kai asibiti, bai taɓa karɓar ko na mai ba? Wallahi hannuna kasa ɗaguwa ya yi.

Amma na tuƙa ta har bakin layi na dawo, lafiya lau, ba ƙara ba komai. Kuma ka ga kirkin mutumin, ya bar mana safayar taya, da jak, har da babbar jarkar ruwa da yake ajiyewa a but ɗin baya, ya ce in riƙa ɗan ƙara mata in za mu fita.

Zuwanmu biyu asibiti da ita, duk mun riga nas isowa. Baba ya zauna a gaba, ya sauke gilas, ya sa gwiwar hannu a taga kamar wani mai gidan haya. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ka taya mu murna mana, ko sau ɗaya.

Taka,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Murnar me?

Jarka! Kin rubuta da hannunki kuma ba ki ji abin da kika rubuta ba. Lafiyayyiyar mota sai ta yi wata da watanni ba a ƙara mata ruwa ba. Wadda ake ba ta kullum, ina kike zato ruwan yake tafiya? Cikin injin yake shiga. Gaskit ya ƙone, takardar nan da ke raba ruwa da wuta a kan injin. Shi ya sa take wuyar tashi da safe, shi ya sa ake ɗumama ta. Wataƙila shi kansa bai san sunan ciwon ba, ya dai saba da jinyarta.

Abu ɗaya na roƙe ki, hannu a kan bonet. Kin ɗora, ya gaya miki gaskiya, kika zauna kika sha shayi.

Ki mayar masa. In kunya ba za ta bar ki ba, ki ce ni na ce, kurman yayanki marar tarbiyya, na ɗauki zagin. In an ƙi karɓa, ki kai gareji a buɗe kan injin tun bai lanƙwashe ba. Kafin nan kada ki shiga cunkoso da Baba a ciki. Allura na wuce rabi, ki kashe.

Ki yafe min zafin bakina. Tsoro ne.

Yayanki

*

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan aiki na tafiya daidai. Na ga ya dace in rubuto maka da kaina, domin takardarka ta ƙarshe ta jefa iyalina cikin damuwa, har ta kai tana maganar mayar da mota.

Yaya, wannan ba abu ne mai yiwuwa ba. Yayana ya rangwanta mana saboda Baba, kowa a dangi ya sani, kuma ana yaba masa. Mayar da ita tamkar tozarta shi ne a idon jama'a. Kai ta gareji a wannan makon ma, magana ce za ta koma kunnensa. Na yi alkawari da zarar an kwana biyu, ƙura ta lafa, ni da kaina zan kai a duba. A halin yanzu ina zuba mata ruwa kowace safiya, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ina roƙonka ka kwantar mata da hankali, domin tana jin maganarka fiye da tawa.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Mijin Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba.

Ta tsaya. A kan gada, cikin cunkoso, rana na tsakiyar ka. Ina ganin allura tana hawa, na tuna ka ce in kashe, amma asibiti ga shi can ina hango rufinsa, kuma lokaci ya kusa. Na ce bari in ɗan ƙarasa. Sai ga tururi ta ƙasan bonet, ta yi wata irin jijjiga ta mutu. Na murɗa, na murɗa, ko tari. Na ɗauko jarkar, wani mai sayar da kaya a titi ya riƙe min hannu ya ce, "Hajiya, in kika buɗe yanzu fuskarki za ta saɓule."

Ana ta yi mana hon ta baya, ana zagi. Baba na zaune, zufa ta jiƙa masa riga, numfashinsa na fita da ƙyar, amma ce min yake, "Auta, bar kuka, ai ta yi ƙoƙari." Kafin a tura mu gefe, kafin in samu wanda zai yarda ya ɗauke mu, an riga an ɗora wani a kan injinsa. Na durƙusa wa babbar nas. Ta ce ba mugunta ba ce, wancan ma uban wasu ne. An mayar da sunan Baba cikin masu jira, sai wani ya fasa ko ya rasu za a kira mu.

An jawo motar gida. Bakaniken layinmu ya juya murfin baƙin mai ya nuna min. Fari fat, yadda ka faɗa. Ya ce kan injin ma ya tafi. Yaya Babba ya zo, ya tsaya a kanta ya yi ta salati, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi. Maigidana ya daina haɗa ido da ni. Ni kuma ba ni da ƙarfin faɗa.

Ƙafafun Baba sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ba ya son ɗaki. Da hantsi sai ya ce a kai shi mota, ya zauna a gaba, ya sauke gilas, ya sa gwiwar hannu a taga. Yara suna hawa baya suna yi masa kukan injin da baki. Ni kuwa in shige kicin in toshe bakina.

Na gaji, Yaya. Na gaji ƙwarai.

Auta

*

Auta, 'yar ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ki daina cin kanki. Kunyar nan da ta riƙe miki hannu, a gidanmu aka koya miki ita, ni ne kawai ban ɗauka ba.

Na ajiye musu aikinsu. Sun ce in jira a kawo wanda zai karɓi injinan, na ce to, amma ba zan wuce ƙarshen mako ba. Na samo kan injin na hannu mai kyau a wurin wani abokina, na ɗora ƙarfen awo a kansa, bai lanƙwashe ba. Na sayi gaskit sabo, na haɗa akwatin sifanuna. Wuni ɗaya ya ishe ni. Ki ci gaba da zarya wurin nas ɗin nan, kada ki bari su manta da fuskarki. Duk ranar da suka kira, ni zan tuƙa shi.

Ki ce wa Baba ya riƙe min kujerar gaba, amma ya sani sai na caje shi kuɗin mota. Ki ce Baƙin Mai na tafe, da farcensa.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta masa, ya yi murmushi. Yau bai iya fita wurin motar ba.

Kada ka jira ƙarshen mako. Ka bar kan injin, ka bar akwatin, za su yi maka nauyi a hanya. Direban da ya ba ka wannan takardar ya ce yana sauke kaya zai juyo. Ka biyo shi.

Auta