Matar da Ke Cikin Hoton Rafi

Tudun Wada, Zariya
3 ga Maris

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Na zaɓi takarda ne saboda idan na kira ka a waya, bakina zai riga hankalina.

Hoton rafin Kubanni da ka saka jiya a rukuninmu na masu sha'awar ɗaukar hoto, kowa ya yaba. Mutum arba'in suna ta tambayar wace dabara ka yi har siffar mace ta fito dishi-dishi a cikin ruwa. Ni ban yaba ba. Na ƙara girmansa a waya, sai ga bishiyar gwaiba, ga ƙofa mai sakata a karkace. Tsakar gidana ce. Matar da ta juya baya kuwa, da zanen nan mai ganye-ganye, marigayiya Mairama ce.

Wata biyar ke nan da rasuwarta. Ka san ba ta shiri da kyamara. Ko a bikin 'yarmu mayafi ta ja. Ni da nake mijinta sau ɗaya tak ta bar ni na ɗauke ta, saura mako biyu ta kwanta ciwo, kuma fim ɗin yana cikin akwatina ban wanke ba, zuciyata ta kasa. To kai yaushe ka ɗauke ta? Shekara goma sha biyu kana zuwa gidana, iyakarka zaure. Ko dai ni ne nake zaton haka?

Ina jiran amsa.

Malam Kailani


Gyallesu
5 ga Maris

Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ka, Allah ya ji ƙan Hajiya, ya ƙara haƙuri.

Sau uku na karanta takardarka, kowane karo sai na ji kamar an mare ni. Na cire hoton nan take. Amma wallahi ƙafata ba ta taɓa wuce zaurenka ba, ko launin ƙofar cikin gidanka ban sani ba.

Ruwa na ɗauka, Malam, ruwa da ciyawa, da hantsi. Da na kai wa Nagoda mai wankin hoto ya wanke, na ga inuwar mutum, sai na ɗauka haske ne ya shiga kyamarar. Da jama'a suka fara yabo, gaskiya na yi shiru na bar su suna kirana gwani. Wannan laifin na amsa shi. Wancan da kake nufi kuwa, ban amsa ba.

Ka binciki Nagoda. Mutumin da ke wanke fim huɗu a lokaci guda yana sauraren ƙwallo a rediyo, me ba zai haɗa ba?

Ka huta lafiya.

Ɗalibinka, Suhaibu


Tudun Wada
8 ga Maris

Suhaibu,

Salamu alaikum.

Na je wurin Nagoda. Bai taɓa karɓar fim daga hannuna ba, ka san ni nake wanke nawa a gida. Ya rantse cewa rafin da matar a kan gurbi ɗaya na fim suka fito, tun daga cikin kyamara. Ni na koya maka wannan dabarar ta ɗora hoto kan hoto, ka danna sau biyu ba tare da ka murɗa fim ba. Ban san ranar da za ka gwada ta a kaina ba.

Jiya na hau katangar maƙwabcina da tsufana, ina auna ko daga can ake hango gwaibar. Ana hangowa. Ka ga inda ka kai ni.

Ka aiko min da fim ɗin gaba ɗaya. In bai zo ba kafin Juma'a, zan faɗa wa 'yan rukuni irin mutumin da suke yabo, kuma tsakanina da kai sai gaisuwar hanya.

Kailani


Gyallesu
9 ga Maris

Malam,

Assalamu alaikum. Ga fim ɗin, ga kuma gwangwaninsa, na karɓo a wurin Nagoda.

Kafin ka kai ni gaban jama'a, juya gindin gwangwanin. Akwai ɗigon jan biro. Wa ke yi wa fim ɗin da ya gama ɗauka ɗigon ja? Wa kuma ke barin harshen fim a waje in ya naɗe, don ya ji sauƙin jawowa a duhu? Duk Zariya kai kaɗai ne. Sau nawa muna maka tsiya cewa wata rana za ka rikita sabo da tsoho?

Ka tuna ranar sadakar arba'in. Ka fito zaure da fim uku a hannu, idonka jawur, ka ce in ɗauka, kai da hoto har abada. Ban duba gindinsu ba, kai ma na tabbata ba ka duba ba. Wannan ɗaya ne daga cikinsu.

Na ɗaga shi a haske sau ɗaya don in gane abin da ya faru. Tana cikin kusan kowane gurbi. A na goma sha tara ta juyo. Daga nan na naɗe, ban sake kallo ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya fi damuna, na zuba ruwan Kubanni a kan abin da ba za a sake ɗauka ba.

Ka gaida yara.

Suhaibu


Tudun Wada
10 ga Maris

Ƙanena Suhaibu,

Wa alaikumus salam.

Na wanke fim ɗin da ke cikin akwatina yau da safe. Babu komai a kansa. Wata biyar ina shafa sabon fim ina kuka.

Na duba na goma sha tara. Dariya take yi, tana kare fuska da hannu, ruwan yana ratsa ta. Da ya zauna a wurina, da ban taɓa ganinta ba.

Na zalunce ka, ka yafe min. Ka zo ranar Asabar mu buga shi tare. In ka iso kada ka tsaya a zaure, ka shigo ciki.

Yayanka, Kailani