Kwanon Kaka Memunatu

Litinin, 7 ga Yuli

Ƙawata Portia ta sa mini wata manhajar abinci a waya yau, muna zaune bayan shagon ɗinkin mamarta a unguwar Gumbihini. Yayarta nas ce, ita ta ce masu irin ƙurajena su gwada. Wai ka daina cin hatsi da wake da gyaɗa da nono da sukari na wasu makonni, ka koma abincin mutanen dā can, nama da ganye da doya. In jiki ya lafa sai ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai cutar da kai. Kafin ka ci abu sai ka ɗauki hotonsa. Kore, ci. Ja, bari.

Mun ɗauki hoton tuwon zafi, manhajar ta ce dankalin turawa ne aka kirɓa. Portia ta yi dariya har ta ƙware. Sai da muka rubuta mata masara ne, nan take ta yi ja.

Na ce to me ya rage a Tamale? Portia ta ce, "Kai, ruwa ya rage." Ita kowa kai ne a wurinta, mace ko namiji.

Ba wanda zan gaya wa a gida. Baba ya ba ni wayar ne don duba makarantar da za a tura ni, ya ce ranar da ya ga shirme a ciki ya karɓe. Littattafaina duk suna ciki. Kuma in na faɗa sai an ce in nuna inda ƙurajen suke, Anti Zuweira ta gidanmu ta kira mata su zo kallo. Gara in mutu.

A littattafan nan ban taɓa cin karo da yarinya mai sosa bayan gwiwa ba. Duk fatarsu sumul.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na Mma, mahaifiyata, da sauƙi. Tana kasuwa har magariba, ni ke girki, sai in ɗebi miyata kafin in sa gyaɗa, in dafa doya guda. Kowa a ɗakinsa yake ci, ba mai duba kwanon wani.

Kaka Memunatu ce damuwar.

Tun ina rarrafe take ajiye mini kwano. Ba ita ta haifi Baba ba, matar ƙanin kakanmu ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu ba wanda ya yi rai. Ɗakin lungu nata ne, nan take toya ƙuli-ƙuli yaran unguwa suna zuwa saya. In ta gama girki sai ta ƙwala mini kira, "Mbia!", wato ɗiyata da Dagbanci, ta zaunar da ni a tsakar gida kan turmin da aka kife, ta zuba mini ido har in suɗe. Ita kuma komai nata da gyaɗa. Har doya sai ta barbaɗa mata yajin ƙuli-ƙuli.

Yau na ce na ƙoshi. Ta ce, "Me kika ci?" Na ce doya. Ta rufe kwanon ta mayar ɗaki.

Asabar, 12 ga Yuli

Na ƙoshi. Cikina na ciwo. Na ƙoshi. Dalilan sun ƙare mini.

Yunwa kamar ta kashe ni. Ƙanshin koko da ƙosai na shigowa daga bakin titi da safe, manhaja kuma tana aiko mini da tauraro wai na yi ƙoƙari.

Laraba, 16 ga Yuli

Kaka ta kawo kwanon har ƙofar ɗakinmu yau, abin da ba ta taɓa yi ba. Mata uku na wanki a bakin famfo. Ta ce, "Ko loma ɗaya, Mbia." Na kalli miyar, mai ya taso ja a kai. Bakina ya cika da miyau. Amma ban yi sosa ba tun shekaranjiya, karo na farko tun azumi. Na ja da baya. Wallahi ja da baya kawai na yi, ban ce komai ba.

Wankin ya tsaya. Na ji tsayawarsa.

Anti Zuweira ta same ni ina shanya. Ƙanwar Baba ce, ta dawo gida da jaririnta tun bara, ita da Salimatu ƙanwata suke ɗaki ɗaya, kullum tana cewa ya yi mata kaɗan. Ta sassauta murya ta ce, "Kin ga wani abu ne a abincin tsohuwa? Ko mafarki kika yi? Faɗa mini, ni uwarki ce." Na ce a'a. Ta ce, "Hmm. Yarinya mai hankali."

Ban so yadda ta ce mai hankali ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Wuyana ya washe! Na cire mayafi a ɗaki na tsaya gaban madubi har na manta da ruwa a wuta. Na yi tunanin ranar shiga sabuwar makaranta, ina tafe hannun rigata gajere, wani ya ɗago kai daga littafinsa... To. Ya isa.

Juma'a, 25 ga Yuli

Da ban warke ba da ya fi.

Anti ta kama hannuna a gaban Mma da matan gidan Alhaji maƙwabcinmu, ta tura hannun rigar sama ba ta ko tambaye ni ba. "Ku duba! Shekara nawa ana shafa magani? Asibiti nawa? Yarinya ta daina cin kwano guda, fata ta koma ta jariri. Ni ban ce komai ba." Ɗaya ta ce ai ko ɗan Anti ranar da tsohuwa ta goya shi da zazzaɓi ya kwana. Wata ta ce mace ta binne miji da 'ya'ya biyu ta yi saura ita kaɗai, ai da abin dubawa.

Mma ta ce, "Ku ji tsoron Allah." Amma a hankali ta faɗa. Kuma ni take kallo.

Nan ne ya kamata in yi magana. Maganar tana nan a bakina, waya ce, gyaɗa ce, masara ce, ba kwanonta kaɗai na bari ba. Idanu goma a kaina. Na zare hannuna na shige ɗaki.

Shigewar ma sun ce shaida ce.

Talata, 29 ga Yuli

Ba yaro ko ɗaya da ya zo sayen ƙuli-ƙuli tun Asabar. Wani ƙarami ya shigo yau, uwarsa ta biyo shi da gudu ta fizge shi har takalminsa ya faɗi. Kaka ta ɗauki takalmin ta miƙa. Matar ta ce ta ajiye a ƙasa.

Wani ya faɗi kalmar a bakin famfo. Mayya. Ban ga ko wane ne ba.

Kaka ta daina kirana.

Manhaja ta ce lokaci ya yi da zan fara dawo da abinci. Na sha koko jiya, ba abin da ya fito. Ta aiko da tauraro. Na ji kamar in jefa wayar a kwata.

Alhamis, 31 ga Yuli

Salimatu ta ji Baba da yayansa Baba Andani a zaure. Ran Lahadi za a kawo motar kaya a mai da Kaka ƙauyensu "ta huta." Ba ta da kowa a can sai ɗan ɗan'uwa da bai taɓa zuwa gaishe ta ba. Kuma labari zai riga ta isa. Kowa ya san inda tsofaffin mata suke ƙarewa in irin wannan suna ya bi su, can wani ƙauye na daban, ba mai komowa.

Na je wurin Portia. Ta ce, "Kai, nuna musu wayar mana!" Na ce Baba Andani ko maganin asibiti sai ya tofa masa addu'a kafin ya yarda da shi, waya zai saurara? Na ce zan ci abincin Kaka a gaban kowa. Ta riƙe ni. "In ka ci ƙurajen suka dawo fa? Ka gama da ita ke nan."

Gaskiyarta. Na zauna kan buhun ƙyallaye. In na ƙi ci, ita ce. In na ci, ita ce.

A cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ina dawowa abin ya zo mini. Zan ci miyar gyaɗar, amma ba a hannun Kaka ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Anti ta yi miyar gyaɗa da zabo, baƙonta zai zo. Na tsaya a bakin murhunta har ta gaji ta ce lafiya? Na ce ƙanshin ne. Murya kamar ba tawa ba.

Ta ji daɗi sosai. Ta cika kwano ta ɗaga murya yadda har lungu za a ji, "Ci, 'yata. Wannan babu komai a ciki sai gishiri."

Na ɗauki hoton a ɓoye, ban san dalili ba, sabo. Ja. Manhajar ta ƙara da gargaɗi wai ba yanzu ba, kuma in zan gwada in fara da rabin cokali, in numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. Na kife wayar. Na zauna a tsakar gida na cinye tas, na nemi ƙari. Mata suna kallo suna murmushi. Labulen Kaka bai motsa ba.

Ban ma tabbata gyaɗar ce ba. Zai iya zama nono. Zai iya zama wake.

Asabar, 2 ga Agusta

Babu komai. Na duba da asuba, na duba da hantsi, fata lafiya lau. Ban taɓa roƙon Allah ya ba ni ƙuraje ba sai yau.

Kaka na ɗaure kaya. Na hango ta tana naɗe tukwane cikin tsohon zane, ta bai wa Salimatu ludayinta ta ce ba za ta buƙace shi ba. Salimatu ta tsaya da shi a hannu ba ta san ko an yarda ta karɓa ba.

Bayan la'asar. Lanƙwasar hannun hagu ta fara. Ya Allah. Ya Allah, ƙara.

Lahadi, 3 ga Agusta

Bari in rubuta kafin in manta.

Na tashi wuya da hannaye da bayan gwiwa duk sun yi jawur, sun fi na dā. Motar ta zo da hantsi. Baba da Baba Andani da wasu dattawa biyu suna zaure. Ban taɓa shiga zaure maza na zaune ba, ko ruwa Salimatu nake turawa ta kai. Na daɗe tsaye a ƙofa. Sai na ji direba yana tambaya ina kayan.

Na shiga na durƙusa. Gaisuwar ma ban gama ba. Na naɗe hannun riga duka biyu, na janye mayafi daga wuya.

Baba Andani ya ce, "Subhanallahi. Tsohuwar ta koma ba ki abinci?"

Na ce rabona da kwanon Kaka tun farkon watan jiya. Na ce wannan miyar Anti Zuweira ce, ta ran Juma'a, gidan nan kaf sun ga ina ci.

Ashe Anti tana bayan ƙofa. Ta faɗo ciki. "Ni? Zakiya, ni kike wa wannan? Ni da na yi miki wankan jego da uwarki?"

Na ce ba ita ba ce. Na ce ba Kaka ba ce kuma. Gyaɗa ce, jikina ba ya sonta, ko wa ya dafa. Na faɗi komai, Portia, manhajar, doyar da nake dafawa a ɓoye, tuwon Mma da shi ma na bari ba wanda ya lura. Ina magana ina kuka, majina har baki, a gaban dattawa. Ba haka ake yi a littafi ba.

Baba ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya daɗe yana duban hotunan abinci. Baba Andani bai ko kalle ta ba, ya ce shi waya ba ta gaya masa abin da ke cikin mutum. Sai ya dubi hannuna, ya dubi Anti, ya ce, "Amma in hujjar da aka kama tsohuwa da ita ce hujja, motar nan mutum biyu za ta ɗauka. Zuweira, kayanki a ɗaure suke?"

Ba wanda ya yi dariya. Anti ta fita.

An sallami direba. Baba ya sa wayar a aljihu ya ce, "Wata guda kina kallo ana cin naman tsohuwa, bakinki a rufe." Shi ke nan abin da ya ce. Da duka ya yi da ya fi sauƙi.

Laraba, 6 ga Agusta

Ba waya, ba littafi. Ƙaiƙayi kamar wuta. Anti ba ta amsa gaisuwata.

Kaka ma ba ta neme ni ba. Kayanta na nan a ɗaure. Na je na ce ta yafe mini, ta ce, "Me kika yi?" tana kallon bango. Na zauna a bakin ƙofarta har azahar. Jiya ma haka.

Lahadi, 10 ga Agusta

Kaka ta kwance tukunya ɗaya. Ɗaya tak.

Da la'asar ta turo kwano da murfinsa zuwa inda nake zaune, ba kira. Tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, fara sol, ba ɗigon gyaɗa. Ta ce, "Ba daɗi. Haka masu waya suke so." Na ci a nan tsakar gida. Gaskiya ba daɗi. Na suɗe.

Ta toya ƙuli-ƙuli kaɗan da safe, yana nan cikin tire, yara ba su dawo ba tukuna. Ni ba zan iya cinsa ba har abada, ƙila. Gobe zan ɗauki tiren in fita da shi ƙofar gida, inda matan unguwa ke wucewa zuwa famfo. Ba talla zan yi ba, ni ina na iya talla. Zama kawai zan yi.

In wata ta tambaya na wane ne, sai in gaya mata.