Fuskar Mahaifiyata Tana Cikin Aljihun Teburinku

Amihan Macaraeg,
Gida mai lamba 14, Layin Masu Takalma,
Marikina.
Litinin, 10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Arsenio Villaflor,
Manajan Babban Kantin Sari na Kamalig Norte.

Yallaɓai,

GAME DA: KATIN MAMBA MAI LAMBA 40817 NA MARIGAYIYA PERPETUA MACARAEG, DA AKA KARƁE A HANNUNA RANAR 8 GA MARIS

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka. Ina roƙo a karanta shi har ƙarshe, domin akwai laifina a ciki kuma ban ɓoye shi ba.

1. Mai wannan kati mahaifiyata ce, muna kiranta Nanay. Ɗinkin saman takalma ne sana'arta. Ta zama mambarku a watan Yuni na 2019, kuma ba ta taɓa barin katin ya mutu ba. A layinmu ita kaɗai ke da shi. Duk Asabar ta biyu mata bakwai ke kawo mata saƙo, ta hau babur mai ƙafa uku ta je kantinku, ta dawo da katan-katan na sabulu, man girki, kifin gwangwani da buhun shinkafa, a baje a ƙofar gidanmu a raba. Ta rasu ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025, tana zaune a bakin keken ɗinkinta, zare a baki.

2. Ina so ofishinku ya san irin amincewar da ta yi muku. Yayarta, Tita Luding, ba ta taɓa yarda cewa sayen sari riba ne ba. Petra take kiranta, takan ce: "Petra, ku biyu ne a gida, me za ku yi da man girki jarka guda? Wanka za ku yi da shi? Ga kuɗin kati duk shekara, ga na mai babur, ga ƙwari a shinkafa. Ina arhar?" Nanay sai ta ce: "Ke dai ci gaba da sayen sabulu ɗaya-ɗaya kamar mai shirin gudu. Ni ina nan." A jikin kowane katan takan rubuta watan da take sa ran zai ƙare. Yanzu haka akwai wanda ta rubuta wa Yuli, akwai na Disamba. Akwai katan ɗin sabulun wanki da ta rubuta wa shekara mai zuwa, da hannunta, har ta ja layi a ƙasa. Kullum da safe sai na wuce ta gabansu. Ban san wanda ya yi gaskiya tsakaninta da Tita ba. Abin da na gani shi ne sari yana da arha ga mutanen da suke da yawa, da kuma wanda zai ga ƙarshen katan. Ni kaɗai ce a gidan yanzu, kuma duk rigar da na wanke ƙamshinta take yi.

3. Ga laifina. Da addu'ar kwana tara ta matso, ana buƙatar abincin baƙi, sai matan layi suka tuna da katin. Na ce ai da hotonta a jiki, ana dubawa a ƙofa. Tita ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta ce: "Yarinya, ke ce ita, illa dai ba ki iya girki ba. Ɗaure gashin nan baya, sa tabaranta, ki daina murmushin nan na 'yan littafi." Ranar 8 ga Fabrairu na sa rigarta mai furanni da tabaranta, na zo. Mai gadinku ya dubi katin, ya dube ni, ya ce: "Barka da zuwa, Madam Perpetua, kin yi ƙuruciya!" Yallaɓai, kwana biyar ke nan da rasuwarta. Ban gyara masa ba. Na tura keken kayan na bi layin da takan bi, hannuna yana miƙa kansa ga abin da takan ɗauka. A gilashin firjin nama na ga wata mata tsaye tana kallona, saura kaɗan in gaishe ta kafin in gane ni ce.

4. Na sake zuwa ranar 22 ga Fabrairu, ba tare da kowa ya aike ni ba. Ba abin da gidan ya rasa. Na zo ne kawai don a nan ne kaɗai ake kiran sunanta kamar za ta amsa. Na karanta labarai da yawa na mamatan da ke dawowa gidajensu, ban taɓa karanta wanda 'ya ce take ɗauko uwarta ta kai ta kasuwa ba. Na san wannan ba hujja ba ce a ƙa'idarku. Na faɗa ne don a san ban yi da niyyar cuta ba, kuma duk abin da na ɗauka na biya.

5. Ranar Asabar, 8 ga Maris, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, wata ma'aikaciyar teburin mambobi, wadda ashe sun saba hira da Nanay, ta tambaye ni labarin ciwon guiwata. Ciwon Nanay take nufi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi katin ta sa a aljihun tebur ta kulle. Ba ta wulaƙanta ni ba, kuma ba na neman a hukunta ta. Ta yi mini bayanin ƙa'ida: katin da aka kama a hannun wanda ba mai shi ba, ana yanka shi bayan kwana bakwai, wato ranar Asabar, 15 ga Maris. Mai shi kaɗai ake mayar wa. Idan kuma na kawo takardar shaidar mutuwa, nan take za a rufe sunan, a goge komai daga na'ura, har da hoton. Na ce to idan mai shi ta mutu fa, wa ake ba? Ta ce takardar ƙa'idar ba ta yi maganar wannan ba.

6. Yanzu ga abin da ya sa nake damun ofishinku a kan ɗan roba. Mahaifiyata ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Haƙoranta biyu na gaba sun fita tun tana budurwa, don haka da an ɗaga waya sai ta kai tafin hannu fuska. A wayata akwai hotunan hannunta sun fi talatin. Hotunan aurenta da katin shaidarta ambaliyar 2020 ta tafi da su. Amma ranar da ta yi rajista a kantinku, ƙa'idarku ta hana rufe fuska, kuma mai ɗaukar hoton ya faɗi wani abu da ya ba ta dariya daidai lokacin. Ba ta taɓa gaya mini me ya ce ba. A wannan kati kaɗai ake ganinta tana dariya, giɓin a fili. Yana jakata wata guda ban yi tunanin kwafe shi ba, don ban taɓa zaton zai bar hannuna ba.

7. Ranar Juma'a, 14 ga Maris, take cika kwana arba'in, ranar da rai ke barin gida ya wuce. A kan teburin addu'armu akwai kyandir da furanni da carbinta, sai firam da ba kowa a ciki. Tita ta gwada sa hoton wani biki inda aka ga kafaɗarta da rabin kunnenta, sannan ta cire da kanta. Kwana biyun nan idan na rufe ido don in tuno fuskarta, tawa nake gani sanye da tabaranta. Ina tsoron idan aka yanka katin nan, da wannan zan zauna har abada.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma Manaja:

(a) ya ba da umarnin kada a yanka kati mai lamba 40817;
(b) a soke aikinsa yadda ba zai sake buɗe ƙofarku ba, a huda shi idan ya zama dole, amma a gefe, ba a kan fuskar ba, sannan a ba ni shi kafin yammacin Alhamis, 13 ga Maris;
(c) idan akwai tara a kan shigar da na yi da sunan da ba nawa ba, a sanar da ni, zan biya ba tare da jayayya ba.

Ba barazana nake yi ba, amma ya kamata in sanar da ofishinku shawarar da aka yanke jiya bayan coci. Matan layin bakwai suna tsakar gidanmu, na miƙe na faɗa da ƙarfi kowa na ji: idan hoton Nanay bai zo gida ba, addu'ar ce za ta je inda yake. Ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe za mu zo teburin mambobi da kyandir da carbi da tukunyar taliya, mu durƙusa a gaban aljihun nan mu yi mata arba'in ɗinta. Tita Luding, wadda ta rantse ba za ta taɓa taka kantinku ba, ta ce ita za ta ja addu'ar.

Ina fatan za a dubi wannan roƙo da idon tausayi. Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma, ya ja kwanan mahaifansa idan suna raye.

Taku cikin ladabi da biyayya,

Amihan Macaraeg
('yar marigayiya Perpetua Macaraeg, ita kaɗai)